Shekarar da Na Hana Irin Dashe

Ku ƴaƴana, na san abin da ake ce muku a bakin rijiya da wurin biki. Ana kiran ku ɗiyan wanda ya hana iri. Wasu da wasa suke faɗa, wasu kuma har cikin ransu. Gaskiya ne, akwai shekarar da na tsaya a ƙofar garkar mahaifina na mayar da mutane gida da kwandunansu wayam, har da yayana Sa'idu, wanda kuke kira Baba Babba. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga tushe ba, domin duk lokacin da na fara sai bakina ya yi nauyi. Yanzu da na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, na ga takarda ba ta katse mutum, ba ta kuma kallon fuskarsa. Shi ya sa zan sa shi a nan yadda ya faru, har da nawa laifin a ciki.

Garkar kun san ta, tana cikin kwarin gulbi, yamma da garinmu, a ƙasar Attantane. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya haƙa rijiyarta da hannunsa. Kowace shekara, da an gama kaka an kai gero rumbu, sai ya gyara wani ɗan fili kusa da ƙofar danga, ya watsa ƙwayar tumatir da tattasai da yalo, ya rufe da ciyawa, yana yayyafa ruwa safe da yamma. Nan ne wurin reno. In tsiron ya kai tsawon tafin hannu, sai a faɗa a masallaci cewa iri ya isa. Washegari duk mai ɗan fili a kwari zai zo da kwando da jiƙaƙƙen buhu. Ba a saye, ba a roƙo. Baba yakan ɗago tsiron da ƙasarsa a jikin saiwa don kada ya yi yaushi a hanya, ya jera wa kowa. Da ya rasu aka raba gado, Yaya Sa'idu ya ɗauki sabon fili na gabas wanda ya fi faɗi, ni kuma, da yake ni ne auta, aka bar mini tsohuwar garka da rijiyar. Wurin reno ya faɗo cikin rabona, rabon iri ma ya faɗo a kaina. Babu wanda ya ce mini in ci gaba da shi. Babu buƙatar a faɗa.

Ga inda laifina ya fara. Tun ina saurayi wani malamin gona ya taɓa zuwa garinmu ya yi bayani a kan wake. Ya tuge gindi ɗaya ya nuna mana ƴan ƙududun da ke jikin saiwarsa, ya ce waɗannan alheri ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa gero ke yin kyau inda wake ya kwana. Maganar ta zauna mini. Bayan shekaru, ina ɗago tsiron tumatir a wurin reno sai na fara ganin ƙududu a saiwarsa. Na yi murna. Na ce ashe ƙasarmu ta yi ƙarfin da har tumatir ya kama halin wake. Daga ranar, in ana rabo, nakan duba saiwa tukuna. Wanda ya fi ƙududu shi nake warewa gefe. Kwandon farko na Yaya Sa'idu ne, sai na liman, sai na surukaina. Shekara uku ina yin haka, ina jin daɗi a raina cewa na fifita yayana ba tare da ya sani ba.

A cikin shekarun nan ne kwarin ya fara lalacewa. Ka ba shuka ruwa da safe, kafin azahar ta yi laushi kamar wadda ta kwana uku ba ruwa. Ganye ya yi ruwan ɗorawa, tsayi ya tsaya, ƴaƴan tumatir su fito kamar kurna. Wasu suka ce ruwan rijiyoyi ne ya yi kanwa. Wasu suka ce baki ne. Wasu suka sayo maganin feshi daga kasuwar Tasawa suka wanke ganye da shi, ba abin da ya sake. Ciwon ya taɓa kowa, amma babu inda ya ci kamar garkar Yaya Sa'idu. A shekara ta uku sai da ya bar rabinta ba ban ruwa.

Ƙarshen ranin wannan shekara, zafi ya shigo, Madam Zainabu ta zo. Malamar gona ce da aka kawo Mayahi, takan zaga ƙauyuka a kan moto, wato babur. Ta shiga garkata, ba ta dubi ganye ba ma, ta ce in tuge mata gindi ɗaya. Na tuge. Saiwar ta kumbura gaba ɗaya kamar yatsun mai sanyin ƙashi. Ni kuwa har da ɗan alfahari na miƙa mata.

"Madam, saiwa dai ba laifi," na ce. "Dubi ƙududu. Ciwon a sama yake."

Ta dube ni, ta ce, "Malam Haruna, wa ya ce maka wannan abin kirki ne?"

Na ba ta labarin malamin wake. Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan har yau. Akwai wani gindin wake da ya fito da kansa a jikin danga, ta tuge shi, ta haɗa saiwoyin biyu a tafin hannunta.

"Murza na waken da yatsa," in ji ta.

Na murza, ƙududun ya ɓalle ya faɗi, saiwar tana nan lafiya. Ta fasa shi da farce, cikinsa ja-ja.

"To murza na tumatir."

Na murza, ya ƙi ɓallewa. Ba abu ne da ya maƙale a jikin saiwa ba, saiwar ce kanta ta kumbura.

"Na wake baƙo ne mai amfani," ta ce. "Wannan kuwa tsutsa ce. Ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Cikin ƙasa take, ta huda saiwa ta zauna a ciki, tana sha tana zuba ƙwai. Ruwan da kake ja da guga, saiwar ba ta iya kai shi sama."

Ina tsaye, amma hankalina ya tafi kan kwandon Yaya Sa'idu. Lokacin wurin reno babu komai a cikinsa sai busasshiyar ciyawa, ba ta san ana rabon iri a nan ba, ni kuma ban faɗa ba. Muna zagawa ta tsaya a bayan rijiya, inda fangali huɗu suke kore shar a tsakiyar garka mai mutuwa. Su ne muke kira fangalan Baba. Ƙasarsu ta fi nauyi, saboda yumɓun da aka fitar lokacin haƙar rijiya nan aka zuba, taki kuma ya daɗe yana shiga. Baba bai taɓa shuka komai a nan ba sai tumatir, ni ma na bi shi. Ta tuge ɗaya. Akwai ƙududu, amma kaɗan, saiwar kuma fara ce da gashinta.

"Wannan ba daidai ba ne," ta ce, kamar da kanta take magana. "Inda aka fi daɗewa ana tumatir nan ya kamata ciwo ya fi yawa."

Ta ɗebi ƙasa da saiwoyi cikin leda, ta yi rubutu a jiki, ta ce za ta aika Maraɗi a duba. Ta hau motonta ta tafi.

Damina ta zo ta wuce ban ji daga gare ta ba. Duk daminar ina noman gero kusa da Yaya, muna shan fura a inuwa ɗaya, ban iya gaya masa ba. Na shirya a raina cewa gyaran mai sauƙi ne: bana in ana rabo zan zubar da masu ƙududu, in ba mutane masu farar saiwa, shi ke nan maganar ta mutu ba wanda ya ji. Da kaka ta yi na watsa iri a wurin reno na kullum. Ya fito da kyau. Saura kwana kaɗan a faɗa a masallaci, sai ga Madam Zainabu da hantsi, fuskarta cike da murna. Ta fito da wayarta ta nuna mini hoto: wani abu dogo kamar zare, jikinsa duk ƴan ɗigo-ɗigo sun manne.

"Zaren ita ce tsutsar," ta ce. "Ɗigon kuwa wata halitta ce da ta fi ta ƙanƙanta, mu muna ce mata bakteri. A ƙasar babanka aka same ta. Takan manne a jikin tsutsar, ta shiga cikinta ta yi ta yaɗuwa. Uwar tsutsar, maimakon ta cika da ƙwai, sai ta cika da irin bakterin. In ta mutu ta fashe, su watsu cikin ƙasa su jira wata. Shekara da shekaru babanka yana kiwon su bai sani ba."

Na tambaye ta ko akwai shi a kwalba mu saya. Ta ce a'a, wannan ba ya rayuwa sai a jikin tsutsar, kamar yadda kaska ba ta rayuwa sai a jikin dabba. In ana son ya yawaita, dole a ba shi tsutsa. A dasa tumatir mai ciwo a ƙasar Baba, a bar shi har ƙarshen rani, a tono saiwoyin duka, a shanya a inuwa, a daka su zama gari. Garin nan shi ne maganin. Tana cikin bayani idonta ya faɗa kan wurin reno.

"Duk wannan kai kaɗai za ka dasa?"

Sai a lokacin na gaya mata. Na faɗi al'adar Baba, na faɗi dabarar da na shirya. Ta tsuguna ta ɗago tsiro ɗaya mai farar saiwa tas, ta riƙe shi da dunƙulen ƙasarsa.

"Wannan ƙasar da kake ba su don kada ya yi yaushi, ƙwan tsutsar yana cikinta. Wanda ka ga fari, an riga an shige shi, kumburin ne bai fito ba. Ko ɗaya a nan babu mai lafiya." Ta kakkaɓe hannunta. "Ba ni da ikon hana ka, Malam Haruna. Garkarka ce, mutanenka ne. Amma duk kwandon da ya fita ƙofar nan, ciwo ya fita da shi."

Na kwana biyu ina juya maganar. Na je na sami liman na ce kada a yi sanarwa bana. Amma mutane suna wucewa ta hanyar kwari, sun ga iri ya isa da idonsu, ba su jira sanarwa ba. Ranar Asabar da sassafe na iske su a ƙofar danga da kwandunansu, Yaya Sa'idu a gaba kamar kullum. Muka gaisa. Na tsaya a bakin ƙofa ban buɗe ba. Na ce musu irin bana yana da ciwo, kuma ciwon da ke kashe kwarin daga wurin renon nan yake fita. Na ce ina da busasshiyar ƙwaya, ita ba ta ɗauke da komai, zan raba wa kowa ya watsa a ƙasar gonar gero. Wani ya ce in aka fara reno yanzu, sanyi zai wuce kafin a dasa. Gaskiya ya faɗa, na sani.

Yaya Sa'idu ya leƙa ta kan danga ya dubi tsiron, kore shar, raɓa a jikinsa.

"Auta, wanga ne mai ciwo?"

"Shi ne, Yaya."

"Ina ciwon?"

"Ido ba ya ganinsa. Madam ta nuna mini a waya."

"A waya." Ya juya ya dubi mutane. "Ni ma an nuna mini mutum mai kan saniya a waya. Buɗe ƙofa, rana tana yi."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan buɗe ba."

Da na ce masa a nan, gaban kowa, ni ne na zaɓa maka mafi ciwo shekara uku da hannuna, wataƙila da ya yarda, domin mutum ba ya ƙaga wa kansa irin wannan laifi. Maganar ta zo har maƙogwarona. Na dubi surukina a bayansa, na dubi ƙanin liman, na haɗiye ta. Yaya ya ɗauki jiƙaƙƙen buhunsa ya matse ruwan a ƙasa sannu a hankali, ya ninke shi, ya sa a kwando ya tafi. Sauran suka bi shi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Kakarku Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ba ta faɗin sunan Yaya, da yake ɗan fari ne.

"Auta, an ce ka kori yayanka daga garkar ubanku."

"Ban kore shi ba, Inna. Iri na hana."

"Mi ya raba su? Shekarar da fara ta cinye kwari, ubanku fangali ɗaya ya rage masa, ya raba shi bai dasa ko gindi ba. Kai ga shi ya yi maka yawa."

Na yi mata bayanin tsutsa. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina tsintar wake ba.

"To, na ji," ta ce. "Tunda mai ciwo ne, je ka tuge shi ka ƙone gaban mutane. Kowa zai san ba rowa ba ce."

Nan ne abin ya ɗaure. Da na ƙone shi, da sunana ya wanku a ranar. Amma wannan iri mai ciwo shi ne abincin da zan ba halittar da ke ƙasar Baba. In na ƙone, sai a sake jiran shekara, kwarin kuma yana ƙara mutuwa. Na ce mata ba zan ƙone ba, dasa shi zan yi. Ta ajiye faifan ta dube ni.

Washegari na dasa. Na cika fangalan Baba huɗu, na ɗebi ƙasarsu na gauraya da wasu fangali shida na dasa su ma. Duk wanda ya bi hanyar kwari ya gan ni a duƙe ina dasa irin da na ce yana da ciwo. Ku sa kanku a wurinsu. Ni ma da ni ne a hanya, abin da zan ɗauka ke nan. Yaya ya wuce da jakinsa, ya tsaya daidai danga.

"Sannu da jinya, likita," ya ce. Wannan ita ce maganar ƙarshe da ya yi mini har sama da shekara biyu, in ban da amsa sallama.

Cikin sati ya fasa wa sashensa ƙofa ta gabas, ya daina bi ta zaurenmu. Matarsa da uwarku Hajara, waɗanda tukunya ɗaya suke ɗorawa tun zuwansu gidan, kowa ta koma murhunta. Mutum uku kaɗai suka karɓi busasshiyar ƙwayar. Sauran suka nemo iri daga wani ƙauye a makare, zafi ya riske shi yana fure, abin da suka samu bai taka kara ba. Wannan hasara ce ta gaskiya, kuma ni na jawo ta, ba na musu. A wurin jana'iza in na zauna sai in ga tabarmar ta yi faɗi. Madam Zainabu ta zo ta tara mutane ta yi bayani sau biyu. Suka saurare ta da ladabi, suka ba ta ruwa, da ta tafi suka ce ai dole ta kare abokin aikinta.

Ni dai na ci gaba da jan guga. Ta gargaɗe ni kada in cika ruwa, domin a ƙasa mai yashi ruwa mai yawa yakan wanke irin bakterin ya kai shi can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Sai na riƙa ba su kaɗan-kaɗan, ina ƙara taki. Tumatir ɗin bai yi wani abin kirki ba, ba don ƴaƴa na dasa shi ba. Da zafi ya shigo na tono saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, har ƴan ƙananan, na shanya a ƙarƙashin rumfa har suka bushe ƙayau. Sai maganar daka. Na ɗauko turmin uwarku, ta fito da sauri ta riƙe bakinsa.

"Malam, a turmin da nake dakan furar ƴaƴana? Tsutsa?"

"Ta mutu, Hajara. Ta bushe."

"To gawar tsutsa ke nan. Ka ga ya fi daɗi? An hana ni gaisuwa a rijiya saboda kai na haƙura, turmi kuwa ba ka samu."

Inna tana jin mu daga ɗakinta. Lokacin ƙafa ta riga ta fara kama ta, ba ta fita sosai. Ta kira ni. Ta nuna tsohon turminta da ke kife a lungu, wanda ta zo da shi gidan tun aurenta.

"Ɗauki wancan. Ni dakan da ya rage mini ba shi da yawa."

Na yi godiya. Ta ɗaga hannu.

"Kada ka ce na yarda da kai, Auta. Ban ga tsutsa ba, ban ga mai cin tsutsa ba. Ƴaƴana biyu na gani da ƙofa biyu. Amma in abin nan ya zama magani, yayanka ne farko."

Na daka, na tankaɗe da rariya, na sami garin da ya cika ƙwarya biyu, launin ƙasa, mai warin busasshiyar ciyawa. Na ɗaure shi a buhu na rataye. Cikin daminar nan Inna ta rasu. Ni da Yaya muka ɗauki makara tare, shi a gaba ni a baya, muka zauna karɓar gaisuwa a tabarma ɗaya kwana uku, ba mu yi magana ba. Ta tafi tana ganin na karya abin da mijinta ya kafa. Wannan shi ne abin da shekarar ta ci mini, kuma babu tumatir da zai biya shi.

Da kaka ta dawo na tashi wurin reno daga inda Baba ya kafa shi. Na ɗebo ƙasa daga tudun gonar gero, inda ba a taɓa ban ruwa ba, na yi sabo. Aka faɗa a masallaci. Tsofaffi mata biyu ne suka zo, sai wani baƙo da bai san labarin ba. Na cika kwando na ɗebi gari a ƙwarya na kai sashen Yaya, kamar yadda Inna ta ce. Matarsa ta karɓa a bakin ƙofa. Da yamma na iske su a zaurenmu yadda na kai su, an rufe da buhun. A garkata na zuba garin a ramin dashe na rabin fangalai, rabi na bari haka, don Madam ta ce in ba a bar na gwadawa ba ba za a san ko maganin ne ya yi aiki ba. Na kafa sanduna na ɗaura tsumma don in gane su, akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye tsummokaran. Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, don in iya sa alama a kaye, littafin rubutu, inda akuya ba ta kaiwa.

Kada in yi muku ƙarya, ba a shekara ɗaya ƙasar ta warke ba. Fangalan da suka sami gari sun fi ƴan uwansu, mai wucewa ma zai gani, amma ƙududu bai ɓace ba, raguwa ya yi. Na sake tono saiwoyinsu na daka, garin ya ƙaru. Fangalan da ciwo ya fi ci na huta musu da albasa. Sai a rani na gaba garkar ta koma kamannin da na sani ina yaro, tumatir yana tsaye da tsakar rana ganyensa a buɗe.

Wata safiya a ranin nan, ina jan ruwa, na ji an taɓa ƙofar danga. Yaya Sa'idu ne, ba kwando a hannunsa. Ya yi sallama na amsa. Bai dube ni ba, ya wuce cikin fangalai, ya zaɓi gindi mafi kyau, mai ƴaƴa jajaye, ya tuge shi gaba ɗaya. Ya kawo shi bakin rijiya ya tsoma saiwar a guga ya wanke, ya ɗaga ta a rana yana dubawa. Sai ya zaro wata saiwar daga aljihun rigarsa, daga garkarsa, kumburarriya, ya jera su a kan bakin rijiya. Ya daɗe yana kallo.

Na ajiye igiya. Na ce, "Yaya, akwai abin da ban faɗa maka ba."

Na faɗa masa duka: malamin wake, da yadda nake duba saiwa, da kwandon farko, shekara uku. Na ce garkarsa ta fi ta kowa mutuwa ne don ni na fi son sa da kowa. Na ɗauka tafiya zai yi. Ya zauna a kan kututturen da Baba ke zama.

"Kai ka zaɓa? Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Kuma ka tsaya a ƙofar can ka bar ni ina yi maka ba'a gaban mutane, ba ka faɗa ba?"

"Kunya ce ta hana ni."

"Kunya." Ya girgiza kai. "Da ka faɗa, da na zage ka sati ɗaya ya wuce. Da Inna ta gan mu a ƙofa ɗaya."

Muka zauna, ruwa yana ɗiga daga guga. Can ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki tumatir biyu daga gindin da ya tuge ya sa a aljihu.

"Turmin Inna yana nan?"

"Yana nan."

"Ka ɗebo mini garin. In kaka ta yi kuma zan zo da kwando." Ya kai ƙofa, ya juyo. "Amma Auta, bana ka zaɓa mini kamar wanda ba ka so."

Garkarsa ba ta dawo duka ba, ɓangaren yashi har yau albasa kawai take yi. Ƙofar gabas ma ba a toshe ta ba, mun saba da ita. Mutane sun dawo karɓar iri kaɗan-kaɗan, kuma yanzu kowane kwando da ƙullin gari yake fita. Sunan da aka sa mini bai fita ba, ya bi ku, ku yi haƙuri da shi. Abin da nake so ku riƙe kaɗan ne. Fangalan nan huɗu na bayan rijiya, kada ku taɓa barin su ba tumatir, kada a ɗebi ƙasarsu don gini. Kafin ku ba mutum iri, ku wanke saiwa ɗaya a guga ku duba a gabansa. Turmin da ke kife a lungun rumfa kuma ba na fura ba ne, na kakarku ne, kada a ba da aronsa.